Tambayoyi da amsoshi kan lissafin fonon a kwamfuta, daga haɗa Quantum ESPRESSO har a ga hoton rawar atam

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambayoyin nan duk daga wajen ƙannenmu suka fito, yaran Aboabo da Asawase da Ayigya Zango da suke karatun fiziks ko kimiyyar sinadarai a nan Kumasi, da wasu ƴan Nima da Maamobi na Accra da suke jami'ar Legon suna turo min saƙo cikin dare. Tambaya ɗaya sai mutum biyar su yi min ita a wata guda, shi yasa nace bari in tattara su wuri ɗaya. Wanda ya ga kuskure dan Allah ya gyara min.

Wai mene ne fonon ɗin ma tukuna?

Atam ɗin da ke cikin dutse ko ƙarfe ko gishiri ba a tsaye suke cik ba, rawa suke yi a inda suke, kuma ba kowa ke rawarsa shi kaɗai ba saboda kowanne na riƙe da maƙwabcinsa, in ɗaya ya motsa sai ya ja na gefensa, na gefen ya ja na gaba, haka motsin ke bi ta cikin kuristal ɗin gaba ɗaya. Wannan rawar ta taron dangi, in aka auna ta da ma'aunin kwantum, ƙwayarta guda ita ce fonon. Igor Tamm na Rasha ne ya kawo tunanin a 1930, Yakov Frenkel ya raɗa mata suna a 1932, amma tun kafin nan Einstein a 1907 da Debye a 1912 sun riga sun yi amfani da rawar atam wajen bayanin yadda abu ke riƙe zafi.

Ni misalin da ya fi zauna min a kai shi ne kalangu. In makaɗi ya matse tsirkiya a hammata muryar sai ta hau, in ya saki ta sauko. Haka kuristal yake, ka matse shi atam su kusanci juna yawanci mitar rawar ta hau, ka sake shi ta sauko, kuma atam mai nauyi rawarsa a hankali take, mara nauyi da sauri. Ku riƙe misalin nan zan dawo kansa.

In ɗakin asali na kuristal ɗinka, wato ƙaramin ɗakin da ake ta maimaitawa har ya zama kuristal ɗin, yana da atam N, reshen rawa 3N zaka samu, uku na sauti ne sauran na haske. Silikon atam 2 gare shi, kenan reshe 6.

Me zai amfane ni a aikin digirina?

Da fonon ake sanin ko tsarin da ka zana a kwamfuta zai tsaya da ƙafarsa ko rushewa zai yi, da shi ake lissafin yadda abu ke riƙe zafi da yadda yake wuce da shi, da shi ake fassara abinda na'urar Raman da ta infared suka nuna. Mu da ke zaune kan boksait a Awaso da Nyinahin, da manganis a Nsuta, da litiyom a Ewoyaa, bai kamata ace kullum wasu ne ke gaya mana halin abinda ke ƙarƙashin ƙasarmu ba. Wannan na cikin abinda ya sa na dage.

Wace manhaja zan ɗauka?

Hanya biyu ce. Ta farko ph.x da ke cikin Quantum ESPRESSO, manhajar kyauta ce wadda tushenta yake Tiriyeste a Italiya, yawancinta da Fortran aka rubuta. Ita tana amfani da dabarar da ake kira DFPT, wadda Baroni da Giannozzi da Testa suka fitar a 1987, ba sai ka gina babban ɗaki ba, a ƙaramin ɗakin asali take lissafa yadda lantarkin cikin kuristal ke amsawa in an taɓa atam. Ta biyu Phonopy ta Atsushi Togo ɗan Japan, da Python take, ita kuma sai ka ninka ɗakin ya zama babba, ka ɗan ture atam ɗaya kaɗan, pw.x, babban shirin Quantum ESPRESSO, ya lissafo ƙarfin da sauran suka ji, daga nan ta haɗa lissafin.

Shawarata ga mai laftof mai RAM giga 8, ya fara da ph.x. Babban ɗakin Phonopy na cin RAM, silikon kaɗai in ka ninka ɗakin mai atam 8 sau 2x2x2 ka kai atam 64. Amma Phonopy na da daɗinta, kowane turi aiki ne mai zaman kansa, in wuta ta ɗauke guda ɗaya ka rasa. Kuma akwai abubuwan da ph.x bata yi, kamar hybrid functional, dole ka koma Phonopy.

Windows ne a laftof ɗina, dole sai na goge shi?

A'a. Ka sa WSL2 da Ubuntu a ciki ya wadatar. Abu biyu dai, kada kayi aiki a cikin /mnt/c, ka zauna a foldar gida ta Linux ɗin saboda karatu da rubutun fayil ta ɓangaren Windows jan ƙafa gare shi kuma ph.x rubutu take kamar ba gobe. Na biyu WSL2 rabin RAM ɗinka kawai yake ɗauka in baka ce komai ba, a fayil ɗin .wslconfig ake ƙara masa. Wanda zai iya raba faifansa ya sa Ubuntu a gefe shi ya fi.

Ba zan iya sauke wadda aka riga aka haɗa ba kawai?

Zaka iya, akwai ta a ma'ajin Ubuntu, akwai ta a conda-forge, akwai kuma Quantum Mobile ta Materials Cloud wadda komai na ciki. Na koyo ba laifi. Sai dai ta Ubuntu sau da yawa tsohuwar siga ce, kuma ranar da aka baka wuri a babbar kwamfuta kai ne zaka haɗa da hannunka, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka koya tun yanzu a laftof ɗinka inda in ka ɓata ba wanda zai yi maka faɗa.

To yaya ake haɗawar?

Ka fara da kayan aiki:

sudo apt install build-essential gfortran git openmpi-bin libopenmpi-dev libfftw3-dev libopenblas-dev

Sai ka sauke manhajar daga shafinsu na asali, ka warware ta, ka shiga foldar:

./configure
make -j4 pw ph pp

Kada ka yi saurin buga make. Ka tsaya ka karanta abinda configure ya rubuta a ƙarshe, layi ashirin ɗin nan su ne komai. Ka nemi inda yace "Parallel environment detected successfully", in baka gan shi ba to manhajar da zaka samu da ƙwayar furosesa ɗaya zata yi aiki ko da ka kira ta da mpirun mai raba aiki ga furosesa da yawa, kuma abin haushin ba zata yi ƙorafi ba, sai dai kaga kowane layi na sakamako ya fito sau huɗu saboda aiki ɗaya ake maimaitawa sau huɗu. Ka duba ma BLAS da LAPACK da FFT ɗin da ya samo. Duk abinda ya yanke yana cikin make.inc, buɗe shi ka gani ba zai cije ka ba. In an gama, pw.x da ph.x da q2r.x da matdyn.x da dynmat.x suna cikin bin. Sababbin sigogi suna karɓar CMake ma, amma mai farawa configure ya ishe shi.

make ya tsaya da jan rubutu, me zan yi?

Ka hau sama ka nemo kuskuren FARKO. Na ƙasa duk ƴaƴansa ne. In da -j4 ka haɗa saƙonnin sun cakuɗe, sake buga make pw shi kaɗai zai tsaya daidai inda matsalar take.

Waɗanda na fi gani a wajenmu, na ɗaya intanet. Wasu sigogin suna sauko da ƙananan laburare ta git a tsakiyar haɗawa, in datarka ta ƙare a lokacin sai ya bar folda rabi da rabi, ka sake saye ka sake make ya ci gaba da ƙi. Maganinsa ka goge foldar gaba ɗaya ka sake warwarewa. Na biyu tsohuwar siga da sabon gfortran, daga gfortran 10 zuwa sama ya ƙara tsanani, sai kaga "Type mismatch" ko "Rank mismatch", ana ƙara -fallow-argument-mismatch a FFLAGS cikin make.inc, ko kuma wanda ya fi sauƙi ka sauke sabuwar siga. Na uku gauraya, an haɗa rabi da kwamfailar Intel rabi da gfortran, ko conda na kunne ta cusa nata mpif90 a gaba. Ka kashe conda, ka buga which mpif90 kaga wanda ake kira, ka yi make veryclean, ka sake daga configure. Masu bin tsofaffin darussan bidiyo kuma su sani Intel sun daina ifort a oneAPI na 2025, ifx ne yanzu, darasin da ke cewa ifort ba zai yi maka daidai ba.

Laftof ɗina yace furosesa 8, amma mpirun -np 8 ya ƙi, ko kuma ya fi -np 4 jinkiri

Takwas ɗin nan yawanci huɗu ne na gaskiya kowanne ya rabu biyu a ido. lscpu zai nuna maka. OpenMPI na gaskiyar yake ƙirgawa shi yasa yake cewa babu isassun slots, kuma gaskiyarsa, kada ka tilasta masa da oversubscribe. Sannan kafin komai ka buga

export OMP_NUM_THREADS=1

in ba haka ba OpenBLAS zai buɗe nasa zaren a kan kowane aikin MPI su yi ta turereniya kamar fasinjan trotro a Kejetia da yamma. Ka gwada -nk ma, shi ke raba ɗigon k, wato ɗigon da ake lissafin lantarki a kansu, gida gida, ga ƙaramin kuristal yana sa sauri sosai:

mpirun -np 4 pw.x -nk 4 -in si.scf.in > si.scf.out

In kaga segmentation fault da kwamfailar Intel gwada ulimit -s unlimited kafin ka zargi kowa.

Na haɗa. Zan iya fara aikina kai tsaye? Malamina ya bani wani kuristal irin wanda ake kira perovskite

Ƙanina dan Allah kada ka fara da shi. Wannan ita ce maganar da na fi so ku ɗauka a duk shafin nan. Ka fara da silikon. Faɗin ɗakinsa 5.43 angstrom, wato wajen 10.26 bohr, atam 2, kuma duniya ta san amsar, rawar haskensa a ɗigon Gamma, inda duk ɗakunan ke rawa tare iri ɗaya, tana wajen 520 cm-1, kusan 15.6 THz, duk mai na'urar Raman da ita yake saita na'urarsa. In lissafinka ya baka uku na ƙasa kusa da sifili, uku na sama iri ɗaya tsakanin 500 da 520 gwargwadon salon lissafin da ka ɗauka, LDA ko PBE, to manhajarka lafiyarta ƙalau kuma hannunka ya fara faɗawa. In baka yi wannan ba, ranar da perovskite ɗin ya baka lamba mai ban mamaki ba zaka san ko manhajar ce, ko fayil ɗinka ne, ko halin kuristal ɗin ne ba.

Ina tuna daren da na fara ganin lambar nan a wani ɗakin haya a Ayeduase, na ɗora laftof a kan murfin tukunya biyu don iska ta shiga ƙasansa, fanka na kaɗa masa ni ina zufa, wajen ƙarfe biyu na dare na buɗe fayil ɗin na gangara ƙasa sai ga layi shida, uku na ƙarshe ɗari biyar da ƴan kai. Wallahi na daɗe ina kallonsu. Ba wanda ya gaya wa kwamfutar nan amsar, atam biyu na bata da dokar kwantum, ta fito min da abinda mutane suka auna da haske a ɗakin gwaji.

Mene ne jerin matakan?

Ka sassauta tsarin da vc-relax, ka ɗauki sabon tsarin ka yi scf, wato lissafin yadda lantarkin ke zaune a tsarin, da pw.x, sai ph.x, sai q2r.x ya mayar da sakamakon zuwa ƙarfin da ke tsakanin atam da atam, sai matdyn.x ya bi hanyar da ka zaɓa ya zana rassan. Fayil ɗin ph.x kamar haka yake:

fonon na silikon
&inputph
prefix='si'
outdir='./tmp'
fildyn='si.dyn'
tr2_ph=1.0d-14
ldisp=.true.
nq1=4, nq2=4, nq3=4
/

prefix da outdir dole su zama iri ɗaya sak da na scf. Layin farko take ne, ka bar shi. A silikon ragar 4x4x4 ɗin nan tana raguwa zuwa ɗigon q, wato ɗigon da ake lissafin rawar a kansu, guda 8 saboda daidaiton siffar kuristal ɗin, zaka ga jerinsu a si.dyn0. Hanyar da zaka bi a matdyn.x kuma SeeK-path na Materials Cloud zai baka ita. Kada ka sa K_POINTS gamma a scf ɗin da ph.x zata karanta, bata karɓa, in ɗigo ɗaya kake so rubuta automatic da 1 1 1 0 0 0.

Na samu lambobi masu alamar ragi, wato ƙasa da sifili. Na lalata ne?

Wannan ita ce uwar tambayoyin. Manhajar murabba'in mita take lissafowa, in ya fito ƙasa da sifili to tushensa lamba ce ta tunani, sai ta rubuta maka ita da alamar ragi. Ma'anarta in atam suka gusa ta wannan salon makamashin kuristal ɗin sauka yake ba hawa ba, kamar ƙwallo a kan tudu maimakon cikin kwano. To amma ko gaskiya ne ko sakacinka ne, nan aikin yake.

Ka tuna fonon daga lanƙwasar makamashi ake ciro shi, ba daga makamashin kansa ba, saboda haka ɗan kuskuren da scf zai haɗiye shiru, fonon sai ya tona shi a bainar jama'a. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Shin ka sassauta tsarin sosai? forc_conv_thr na asali 1.0d-3 ne, bai isa ba, ka kai shi 1.0d-4 ko 1.0d-5. conv_thr na asali 1.0d-6 ne, ga fonon ni bana yarda da wanda ya fi 1.0d-10 girma, sau da yawa 1.0d-12 nake sawa. tr2_ph na asali 1.0d-12, ka matse shi zuwa 1.0d-14 ko 1.0d-16. Shin da fayil ɗin UPF ɗaya, wato fayil ɗin da ke wakiltar kowane sinadari a lissafin, da ecutwfc ɗaya da ɗigon k ɗaya ka sassauta kuma ka yi fonon? Ko ka kwaso tsari ne daga Materials Project ka zuba kai tsaye? Su da wata manhaja da wasu saituna suka sassauta nasu, a taka kwamfutar tsarin a matse yake ko a sake, kalangun nan dai, ka canja matsin tsirkiya murya ta canja. Shin ecutrho ya isa? Ga norm-conserving ninki 4 na ecutwfc ya yi, ga ultrasoft da PAW sai ninki 8 zuwa 12. Ma'ajin fayilolin UPF irin SSSP da PseudoDojo suna bada shawarar adadin da ya dace da kowane sinadari, ka fara daga nan sannan ka gwada da kanka.

In ragin ƙarami ne kuma a Gamma yake a rassa uku na ƙasa, wannan sananne ne. In ka tura kuristal gaba ɗaya gefe guda bai kamata ya ji komai ba, kenan ukun nan sifili ne, amma ragar lissafi tana ɗan karya dokar. Ka sa asr='crystal' a matdyn.x ko dynmat.x zai daidaita. Sai dai in kafin gyaran lambar ta kai kamar 50 ko 100, kada ka rufe ta da asr ka wuce, koma baya akwai abinda bai zauna ba. Kayan da suke shimfiɗa ɗaya irin grafin su ma suna yawan nuna ɗan aljihun ragi kusa da Gamma a reshen da ke lanƙwasa waje, ka ƙara sararin da ke tsakanin shimfiɗu, ka gwada assume_isolated='2D', ka ƙara ragar q.

Wata dabara da ta cece ni sau da yawa, ka duba ko ɗigon da ragin ya fito yana cikin ragar q da ka lissafa kai tsaye, ko kuwa matdyn.x ne ya cike gurbin. In cikewa ce, ka lissafa wannan ɗigon shi kaɗai da ph.x kaga ko ragin na nan.

In duk ka yi wannan ragin ya ƙi tafiya, to barka, ka samo fiziks. SrTiO3 mai siffar kubik yana da irin wannan a ɗigon R, kuma a zahiri in aka sanyaya shi ƙasa da wajen 105 K siffarsa canjawa take. BaTiO3 kubik yana da nasa a Gamma, shi ya sa ƙasa da wajen digiri 120 na Salshiyos yake komawa wata siffar. Lissafinmu na sifilin zafi ne kuma yana ɗauka rawar ƙarama ce, saboda haka siffar da zafi ne ke riƙe da ita sau da yawa takan nuna ragi. Kada ka goge shi a hoto don ya yi kyau, na taɓa ganin wanda ya yanke hotonsa daga sifili zuwa sama ya ɓoye ƙasan, abin ya dame ni ƙwarai, don abinda ya fi daraja a aikin nasa shi ya yanke. Ka tura atam ɗin ta salon da ragin ya nuna, ka sake sassautawa, zai kai ka ga siffar da kuristal ɗin yake so.

Dumsor, wato ɗaukewar wuta, fa? Aikin kwana uku wuta ta ɗauke a na biyu

Nan ne namu ya bambanta da na masu rubuta darussan. Ni ma ta taɓa cin min ɗigo na shida cikin takwas, batirin laftof ɗin ya riƙe minti arba'in ya mutu ina masallaci sallar isha'i.

ph.x tana ajiye inda ta kai a foldar _ph0 cikin outdir. Ka ƙara recover=.true. ka sake kunnawa zata ɗora. Amma in wutar ta yanke tana tsakiyar rubutu fayil na iya lalacewa, shi yasa rigakafin ya fi. In kaga wuta ta tafi kana kan batir, ka ƙirƙiri fayil mara komai mai suna si.EXIT, wato prefix ɗinka da .EXIT, a foldar aikin, zata tsaya da kanta cikin tsari. Ko ka sa max_seconds tun farko ta riƙa tsayawa duk bayan awa biyu ko uku. Wanda na fi so kuma shi ne yanka aikin gunduwa gunduwa da start_q da last_q, yau ɗigo na 1 da na 2, gobe na 3, kowanne ya gama ka kwafe si.dyn ɗinsa zuwa filasha ko ka tura wa kanka. Har raba wa abokai ana yi, ku uku kowa da laftof ɗinsa, ku kwafi foldar scf ɗaya, kowa ya ɗauki ɗigonsa, a haɗa fayilolin a ƙarshe a ba q2r.x. Sharaɗin dai sigar manhaja ɗaya da scf ɗaya.

Ku kula da zafi ma, watan Fabrairu da Maris laftof na rage gudu da kansa in ya yi zafi, kuma ƙurar hunturu na toshe fankarsa, a kai wa masu gyara a Adum su busa shi. Ka hana shi yin barci in an rufe murfi. Ka duba faifai da df -h, _ph0 na kumbura ya cika shi ba sallama.

ph.x tace "No convergence has been achieved"

Rage alpha_mix(1), asalinsa 0.7 ne, gwada 0.3 ko ma 0.1, kana iya ƙara niter_ph. In ƙarfe ne ka duba smearing da yawan ɗigon k, ƙarafa suna son k da yawa fiye da yadda kake zato, kuma degauss da k tare ake gwada su ba ɗaya bayan ɗaya ba.

"Error in routine read_namelists" ko "reading inputph namelist", alhali fayil ɗin daidai yake a idona

Wata ƙanwarmu daga Sabon Zango ta kwana biyu a kan wannan. Da ta turo min hoton allon sai na lura alamar zancen da ke kewaye da 'si' a lanƙwashe take, ashe ta WhatsApp aka turo mata fayil ɗin ta kwafa ta Word. Fortran miƙaƙƙiyar alama kawai ya sani. Ki rubuta da nano ko vim ko VS Code, in fayil ɗin daga Windows ya zo ki wuce da shi ta dos2unix, ki tabbata akwai / a ƙarshen kowane sashe, kuma ki karanta fayil ɗin CRASH da manhajar ke bari a foldar.

Hotona na GaAs ko ZnO bai nuna rabuwar LO da TO ba

A kuristal ɗin da atam ɗinsa ke ɗauke da caji mabambanta, rawar haske mai bin tsawo, wato LO, tana haifar da filin lantarki, sai mitarta ta ɗara ta mai gicciye, wato TO. A GaAs TO na wajen 268, LO wajen 292 cm-1. Don a samu wannan sai an lissafa cajin Born da dielectric, epsil=.true. kenan, kuma in kana ldisp manhajar na yi da kanta a Gamma muddin bata ɗauki abin a matsayin ƙarfe ba. Tarkon shi ne mutane na kwafo occupations='smearing' daga wani tsohon fayil su bar shi, daga nan ta ɗauka ƙarfe ne ta tsallake. Ka mayar da shi 'fixed'. A Phonopy kuma sai ka samar da fayil ɗin BORN.

In Phonopy na zaɓa fa?

Sauke ta daga conda-forge, amma a muhallinta daban don kada ta taɓa mpif90 ɗinka. phonopy --qe -d --dim="2 2 2" -c si.in zai fitar da supercell-001.in da ƴan uwansa, ka manna musu kan fayil ɗin scf, ka gyara nat ya dace da yawan atam na babban ɗakin, ka sa tprnfor=.true. in ba haka ba ƙarfin ba zai fito ba, ka rage ɗigon k daidai da ninkin. In pw.x ya gama, phonopy -f ya tattara su zuwa FORCE_SETS. Kada ka sassauta ɗakunan da aka tura, scf kawai, na ga wanda ya yi relax a kansu atam ɗin ya koma mazauninsa komai ya zama sifili. Gwaji mai sauƙi a ƙarshe, ka zana yadda yake riƙe zafi, a zafi mai yawa ya kamata ya doshi 3R, kusan 24.9 J/mol·K ga kowane mol na atam. Mai son lissafin wucewar zafi kuma sai phono3py ko ShengBTE, wannan ba aikin laftof bane sai ga ƙananan abubuwa.

A ina zan samu babbar kwamfuta da masu koyarwa?

Fara da malaminka da sashenku, ka tambaya ko suna da wuri a wata babbar kwamfuta ko haɗin gwiwa da wasu, cibiyar manyan kwamfutoci ta CHPC da ke Kef Tawun a Afirka ta Kudu na cikin wuraren da masu bincike na nahiyar nan ke aiki da su. Ka sa ido kan ASESMA, makarantar Afirka ta wannan fannin da aka fara a 2010, an yi ta a Accra a 2016, da kuma tarukan cibiyar fiziks ta ICTP da ke Tiriyeste, suna da bidiyon darussa kyauta. Marigayi Farfesa Francis Allotey wanda ya rasu a 2017, a nan jami'ar KNUST ta Kumasi ya yi shekaru yana koyarwa, kenan hanyar ba baƙuwa bace a garin nan.

In an baka wuri, kada ka kunna aiki a injin da ake shiga, ta sbatch ko qsub ake turawa, module avail zai nuna maka ko an riga an haɗa manhajar. Ka nemi lokacin da ya ɗan fi max_seconds ɗinka yawa don ta samu ta rufe fayilolinta. Ka koyi tmux saboda intanet ɗinmu na yankewa, da rsync don in kwafi ya tsaya ya ɗora daga inda ya tsaya, kuma si.dyn da fayilolin sakamako kawai zaka sauko da su, ka bar tmp a can kada ya cinye maka data.

In zan turo maka tambaya me zan haɗa da shi?

Sigar manhajar, yadda ka haɗa ta, fayil ɗin scf da na ph a rubuce ba hoton allo da waya ba, sunan fayilolin UPF, layi talatin na ƙarshen sakamakon, da abinda ke cikin CRASH. Ka gaya min kuma nawa silikon ɗinka ya bayar a Gamma. Ina duba saƙo yawanci bayan la'asar, ranar Juma'a kuma sai dare.